Rijiyar Ƙarƙashin Akurkin Agwagi

Litinin, 15 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Ni ce na gaya wa Magajiyar Gari inda rijiyarmu take. Ba wanda ya sani, ko Mama. Duk layinmu cewa ake yi Bana Mpundu maƙwabciyarmu ce ta faɗa, ni kuwa na yi shiru. Wannan littafin na aji takwas ne, Baba ya aiko min da shi daga Solwezi da na ci jarrabawa. Tunda an ce makaranta ba za ta buɗe ba, bari in fara da wannan.

Bayan Kirsimeti, da ciwon nan na amai da gudawa ya shigo unguwa, Magajiya ta ba da umarni a cike duk rijiyoyin gidaje. Da ta gidan mahaifiyarta ta fara, kowa yana kallo. Kaka ta ce tata kam ba mai taɓa ta, marigayi Kakanmu ne ya haƙa ta da hannunsa shekarar da aka haifi Baba. Ta gaya wa kansila ai tuni mun cike ta. Ta sa muka shimfiɗa katako a kai, muka jawo akurkin agwagi muka ɗora. Kullum da sassafe nake ɗaga katako ɗaya in ja ruwa. Sai aka yi ruwan sama kwana uku, masai ya cika ya tumbatsa, na kuma ga inda ya bi. Ranar Talatar da ta wuce aka ɗauki Mama zuwa tantunan filin ƙwallo, inda ake kwantar da masu ciwon.

Ranar Alhamis na je tankin da aka kafa a bakin kasuwa. Magajiya tana wurin da dogon takalmin roba, ta ɗaura zane a kan siket, ita da kanta take zuba wa yara ruwan magani suna wanke hannu. Da layi ya zo kaina sai ta riƙe hannuna ta juya tafin. Ta ce a hankali, "Wannan aikin igiyar guga ne, 'yata, kuma sabo ne. Famfo ba ya yi wa mutum haka." Ta ce ita ma da guga ta girma. Ban ɗago kai ba. Na ce, "Ƙarƙashin agwagi." Ta tambayi gidan wa, na faɗa. Ta cusa min kwalbar maganin ruwa, ta ce kada in ƙara jan ko ɗigo, kuma sai gobe za ta zo, don kada a ce daga tanki ta biyo ni.

Washegari da safe aka ga Bana Mpundu tsaye da ita a kasuwa suna magana. Zancen rumfar tumatir ɗinta da aka rufe ne kawai. Da rana tifa ta shigo layinmu.

Talata, 16 ga Janairu, tsakar rana

Jiya hannuna ya gaji ban ƙarasa ba.

Magajiya ba aike ta yi ba, da ƙafarta ta zo. Ta durƙusa a ƙofar gida cikin taɓo, ta tafa hannu ta gaida Kaka. Kaka ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Albina, yau ke ce da tifa a ƙofata? Ke da nake share wa majina in kin kawo tallan gyaɗa?"

Magajiya ta ce ita ce dai, kuma hancin ya bushe tuni, albarkacin Bana Kasonde, wato Kaka. Ma'aikata suka yi dariya, Kaka ba ta yi ba. Ta ce shekara arba'in tana shan ruwan nan, ko ciwon kai bai taɓa sa ta ba. Magajiya ta ce shekara arba'in da suka wuce gida shida ne a layin, yanzu sun fi sittin, kowanne da masansa. Kaka ta tambayi wanda ya kai tsegumi. Magajiya ta ce ba kowa, ai ta san rijiyar tun tana yarinya. Kaka ta ce to me ya hana ta zuwa tun bayan Kirsimeti, kuma wa ya koya mata ta nufi akurki kai tsaye? Ina tsaye a bayan ƙofa.

Sun ɗebi ruwan a kwalba kafin su fara zuba ƙasa. Kaka ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ni na kwashe agwagi. Da suka gama da tamu sai suka bi gida-gida, suka gano wasu uku. Ɗaya ƙarƙashin tulin gawayi take, ɗaya har gado aka ɗora mata. Shi ya sa ba Kaka kaɗai ke jin haushi ba.

Alhamis, 18 ga Janairu, bakwai da rabi na safe

An karanta sunan Mama. Fostina Bwembya, ta sha kunu.

Alhamis, da yamma

Ba a barin kowa ya shiga filin ƙwallo. A bayan waya muke tsayawa. Kullum ƙarfe bakwai Magajiya take fitowa da lasifika da takarda ta karanta sunaye: waɗanda suka farfaɗo, waɗanda suka ci abinci, waɗanda za a sallama. Akwai wata takardar ta biyu da ba ta karantawa a lasifika. Ita wannan zagayowa take yi ta nemi dangin mutum ta ja su gefe. Duk safiya idona a kan ƙafarta yake, in ga ina za ta nufa. Yau ba ta nufo ni ba.

Wani mutum ya yi mata ihu cewa ba ta da akawu ne, sai ita ce mai kiran suna kamar 'yar ajin firamare. Ta ce masa mijinta a asibiti ya rasu, a bakin mai shara ta ji, bayan ta kwana biyu tana kai abinci.

Na ci nshima, tuwonmu na masara, har sau biyu yau. Kaka ta ce ashe kurma ma yana da ciki. Kurma take ce min don ba na magana.

Asabar, 20 ga Janairu, bayan abincin rana

Tun kafin a haife ni kwano ɗaya ke yawo ta kan shinge tsakanin Kaka da Bana Mpundu. Duk wadda ta riga sauke miya ta zuba wa 'yar'uwarta, kuma ba a mayar da shi haka nan. Yau Bana Mpundu ta miƙo ganyen kabewa da gyaɗa, ta ce a ba Lubuto, wato ni, yarinya ta rame. Kaka ta juye wa agwagi, ta wanke kwanon tas, ta kife shi a kan shinge babu komai.

Bana Mpundu ta daɗe tana kallon kwanon. Ta ce, "Bana Kasonde, ni kike mayar wa kwano kife? Ni da na yanke wa ɗanki cibiya?"

Kaka ta ce mai yanke cibiya ai wuƙa gare ta, yanzu ta gani.

Ina shanya a igiya. Riga ɗaya na shanya sau uku.

Lahadi, 21 ga Janairu, da hantsi

Fada ya ce kada a yi musabaha a coci, a ɗan rusuna kawai. Matan layinmu sun ji daɗin wannan doka, ko rusunawar ba su yi wa Bana Mpundu ba. Ita kaɗai ta zauna a benci.

Sunan Mama cikin waɗanda suka zauna da kansu. An cire mata ƙarin ruwa.

Laraba, 24 ga Janairu, ƙarfe uku

A tanki bokiti ne ke riƙe wa mutum layi. Ki ajiye naki ki tafi harkarki, na bayanki su riƙa tura shi gaba. Ba a taɓa bokitin wani sai don a matsar da shi gaba, ko ɓarawo ya san wannan. Yau Bana Mpundu ta ajiye nata ta je duba wuta. Da ta dawo yana can ƙarshen layi. Wata ta ce iska ce. Wata ta ce ai ƙawar Magajiya ba ta bukatar layi, ta jira a kawo mata da mota har gado. Aka yi ta dariya.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da ita ce ta faɗa, da ba za ta ɓoye ba, don jikokinta biyu ke wasa a layin nan. Amma ba ita ba ce, kuma Allah na gani. Ta koma ƙarshe ta tsaya, da ƙafarta mai kumburi.

Na so in ba ta wurina. Na so. Na cika jarkata na wuce ta gabanta ina kallon ƙasa.

Juma'a, 26 ga Janairu, da safe

Jiya ba a kai kowa fili daga unguwarmu ba. Shekaranjiya ma haka. Magajiya ta faɗa a lasifika, muryarta duk ta dishe, mutane suka yi tafi. Wata tsohuwa ta yi guɗa har zanenta ya kwance.

Asabar, 27 ga Janairu, da la'asar

Wata ma'aikaciyar lafiya ta kawo takardar gwajin ruwan da suka ɗiba. Ni na karanta wa Kaka. Abin da ke kawo ciwon yana cikin rijiyarmu. Cikin huɗun da aka cike, uku suna da shi.

Na karanta layin nan sau biyar a zuciyata. Tun ranar da tifa ta zo nake tsoron a ce ruwan lafiya lau yake, na sa an binne aikin Kakanmu a banza. Sai na ji kamar an sauke min buhun masara daga ka.

Kaka ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce takarda ba ta ƙin tawada. Ta sa ta ƙarƙashin ƙafar tebur da ke gurguntawa. Amma da yamma na ga ta ɗiga maganin ruwa a tulu da kanta, tana ƙirga ɗigon da baki. Da ta ga ina kallo ta ce me nake kallo, ban taɓa ganin tsohuwa ba?

Talata, 30 ga Janairu, tsakar rana

Mama ta dawo.

Talata, da yamma

Ta yi baƙi ta rame, zobenta yana zamewa daga yatsa. An ƙone kayan da ta tafi da su, da wata rigar coci aka sallamo ta, ta yi mata yawa. Ta ce ƙamshin maganin nan ya shiga hancinta har abada. Ta ci ƙananan kifin kapenta kaɗan ta yi barci a tabarma, ni kuwa na zauna ina kallon cikinta yana hawa yana sauka. Baba ya bugo waya yana ta maimaita sunanta kamar bai iya wata magana ba.

Mama ta ce Magajiya takan shigo tanti kullum bayan kiran suna, ta bi gado-gado. Wata rana mai kwashe bokiti bai zo ba, ita ta kwashe. Kaka ta ce ai zaɓe na zuwa. Mama ta ce zaɓe saura shekara biyu, bokitin kuwa ba ya jira.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, da hantsi

Mama ta tambayi ina Bana Mpundu, ba ta leƙo ba. Kaka ta ba ta labari yadda take so. Mama ta ce ko wa ya faɗa ya yi mata rana. Kaka ta ce ba zancen rijiya ba ne yanzu, zancen amana ne. In Bana Mpundu tana da magana, ga shinge nan, me ya kai ta kasuwa? Da ta zo ta ce Bana Kasonde ruwanki zai kashe mu, da sun yi faɗa sun shirya. Amma a ci miyarka da rana a kai ka hukuma da safe, wannan ba ta iya haɗiyewa.

Ina tsintar wake. Ni ma ban bi ta shinge ba. Ni cikin gidan ma nake.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

An bar yara sun koma wasa a waje. An buɗe rabin kasuwa. Ba mai sayen tumatir ɗin Bana Mpundu daga layinmu, sai baƙi.

Talata, 6 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu

Na ga ana fito da kujerun Bana Mpundu ana ɗaure su da igiya. Jikarta ta ce Mansa za su koma, wurin ɗaya daga cikin tagwayenta. Motar Litinin za su bi. Ta ce kakarta ta ce ba za ta tsufa a inda ba mai amsa gaisuwarta ba, in ta mutu a nan wa zai kwana a gidan makokinta?

Na gaya wa Kaka. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Daga nan ta ƙona miya, abin da ban taɓa gani ba, ta ce laifin gawayin ne.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, da yamma

Yau aka buɗe famfon da aka kafa a ƙarshen layinmu. Baki uku gare shi. Ba a yi rumfa ba, ba a yi jawabi mai tsawo ba. Magajiya ta zo da takalminta na roba, ta murɗa, ruwa ya yi tari sau biyu sannan ya zubo. Ta tara hannu ta sha a gaban kowa. Wani ya ce ina sarƙar zinariyar ofis, ba a sa mana ita ba? Ta ce sarƙar tana da nauyi, kuma ba ta taɓa kawo ruwa ba.

Sai ta ce tana da magana ɗaya. Ta ji ana zargin wata baiwar Allah a layin nan. Ta ce ita Albina Mulubwa ita ta ba da umarni, ita ta kawo tifa, mai jin zagi ya zage ta, ofishinta a buɗe yake ranar Talata. Bana Mpundu ba ta gaya mata komai ba. Matan suka ce to. Ina jin matar da ke bayana tana cewa ai dole ta kare ƙawarta.

Da ake watsewa ta ce in riƙe mata jaka zuwa mota. Muna tafiya ta tambayi jikin Mama, ta tambayi ajin da zan shiga. Ta duba tafina ta ce ya warke. Sannan ta ce ta yi kuskure. Ta jinkirta kwana ɗaya don ta rufa min asiri, ba ta lura da wanda za a gani tare da ita a tsakani ba. Ta ce ta faɗa a fili, na kuma ga yadda aka ɗauka.

Na ce, "Za ki faɗi sunana?"

Ta ce, "Ko a gaban alƙali. Sunanki naki ne, 'yata." Ta karɓi jakar. "Ni zagi ba ya damuna, da shi aka zaɓe ni. Ita dai tsohuwar nan ba wanda ya zaɓe ta."

Ba ta ce in yi komai ba. Direba ya tayar da mota, ta leƙo ta ce in gaida Bana Kasonde, in ce mata mai majina na gaishe ta.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, da safe

Kaka ce ta farko a famfo. Ta ce ruwan ba shi da ɗanɗano, kamar ana shan iska. Bokiti huɗu ta sa na ɗebo.

Rediyo ya ce Litinin za a buɗe makarantu. An fara kwance tantunan fili, saura biyu. Mama ta share tsakar gida yau ba ta huta ba ko sau ɗaya. Na gwada rigar makaranta, ta yi min daidai, sai dai hannun ya ɗan yi tsawo. Komai yana dawowa wurinsa. Ina ta jin daɗi, sai in tuna, sai in sake jin daɗi, sai in tuna.

Asabar, 10 ga Fabrairu, ƙarfe biyar

An cire labulen tagar Bana Mpundu. Ana ganin cikin ɗakin, ba komai sai ƙullin kaya.

Na gwada faɗa wa agwagi. Su ma na kasa ƙarasawa.

Na yi tunanin in rubuta a takarda in ajiye, amma Kaka ba ta karatu, ni za ta ba in karanta mata. Na yi tunanin in fara gaya wa Mama ta faɗa a madadina. Wannan ma bi ta kasuwa ne.

Ban san abin da Kaka za ta yi ba. Wataƙila ta daina ce min kurma ta koma ba ta ce min komai. Wataƙila matan layi su mayar da bokitina baya har in gama sakandare. Mama tana numfashi a ɗaki, ina jin ta tana waƙar coci ƙasa-ƙasa. In aka ce in koma ranar Alhamis ɗin nan a tanki, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Wannan kam na sani yanzu.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, kafin a tafi coci

Kaka ta ce in mun dawo in yi mata kitso, kanta ya tsufa. Motar Mansa sai gobe ƙarfe shida, akwai yini guda.

In ana yi wa Kaka kitso ba ta juyawa, ba ta tashi, ko gobara ake yi, don ta ce ba za ta fita da rabin kai ba. Zan tsefe duka tukuna. Zan kama layin farko, in kai tsakiyar kai, sannan in fara gaya mata. Ba zan ga fuskarta ba, ita kuma dole ta ji har ƙarshe.

Na ajiye matsefi da mai a kan kujera.